Kyamarori huɗu da sabar gida a bayan rauta guda: abin da na gani cikin wata takwas

Wata takwas ke nan da na ɗaura kyamarorin tsaro a gidana, irin waɗanda ake sayarwa a kwali guda: kyamarori huɗu, da akwatin naɗar bidiyo mai faifan ajiya na terabait 2, da wayoyin da ke haɗa su. Ban kawo sunan kamfanin da ya ƙera su ba, domin abin da zan yaba da abin da zan kushe sun shafi ire-irensu da yawa, kuma mai karatu zai iya auna nasa da wannan ma'auni ko wane tambari ne a jikinsa. Tun kafin kyamarorin su zo akwai wata ƙaramar kwamfuta a gidan da ba a kashe ta dare da rana, wadda take aiki a matsayin sabar iyali. A kanta Nextcloud yake, inda muke ajiye hotuna da takardu, kuma ina shiga cikinta daga duk inda nake. Wannan ne ya bambanta halin da na shiga da na wanda ya sayi kyamara kawai, domin na'urori biyu ne suke neman a iso gare su daga waje, alhali rauta, wato na'urar da ke haɗa gidan da intanet, ɗaya ce kuma adireshin intanet ɗaya ne.

Aikin gani da naɗa dai ba ni da ƙorafi a kansa. Kowace kyamara megafiksel 4 ce, wato hoton 2560 da 1440, kuma da rana ana gane fuskar mutum sarai tun yana ƙofar shiga. Waya ɗaya ce take kai wa kyamara wuta take kuma ɗauko hoto, bisa tsarin PoE, kuma irin wannan waya tana iya kai mita 100, saboda haka ban ja wayar wuta zuwa kan bango ba. Da dare hoton yakan koma baƙi da fari, kuma yana da kyau matuƙar babu wani abu kusa da idon kyamarar. Wadda na ɗaura a ƙarƙashin rufi ta ba ni wahala makonni biyu, domin hasken da take fitarwa da dare yana jawo ƙwari, gizo-gizo kuma ya saƙa yanarsa a gabanta, sai ya zama zare ɗaya tak yana haskawa fari tas a tsakiyar hoto, akwatin kuma yana lissafa kowane kaɗawarsa a matsayin motsin mutum. Da na sauko da ita ɗan taƙi daga rufin, na kuma rage ƙarfin gano motsi, abin ya lafa.

Game da ajiya, lissafin da ke jikin kwali ya fi abin da za a samu a zahiri. Idan kowace kyamara tana aika megabit 4 a daƙiƙa, huɗun za su cinye wajen gigabait 173 a kwana guda, wanda ke nufin faifan terabait 2 zai cika cikin kwana goma sha ɗaya, daga nan ya fara share na baya. Da na mayar da tsarin matse bidiyo daga H.264 zuwa H.265 na kuma rage yawan abin da kowace kyamara ke aikawa, na samu kusan mako uku ba tare da hoton ya lalace ba. Wani abu kuma da na yaba shi ne kyamarorin suna zaune ne a wata keɓantacciyar hanyar sadarwa a bayan akwatin, ba sa cuɗanya da wayoyi da kwamfutocin gida, saboda haka na'ura ɗaya ce kawai nake da alhakin tsarewa, ba biyar ba.

Matsalar ta fara ne daga ranar da na so in kalli gidana ina waje.

Domin wanda bai saba da harkar ba ya fahimci inda gizo ke saƙar, ya kamata in yi ɗan bayani. Kamfanin da ke ba ka intanet yakan ba gidanka adireshi ɗaya da duniya take gani. Na'urorin cikin gida kuwa suna amfani da adireshi na cikin gida, irin waɗanda suke farawa da 192.168, waɗanda aka keɓe tun 1996 domin kada su fita fili. Idan saƙo ya taso daga waje ya iso rauta, ba ta san wa za ta miƙa wa ba, sai ta yar da shi, kuma wannan yarwar ita ce katangar farko da ke kare kowane gida. Sai dai kowane saƙo yana ɗauke da lambar ƙofa, daga 0 zuwa 65535, kuma kana iya gaya wa rauta cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa kaza a wuce da shi wurin na'ura kaza. Wannan shi ne karkatar da ƙofa. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ita ce tushen wahalata: ƙofa ɗaya ta waje ba ta zuwa wurin na'urori biyu.

Sabar gidana ta riga ta riƙe ƙofa ta 443, wadda rufaffun shafuka suke bi, wato waɗanda ake ɓoye abin da ke cikinsu daga mai leƙe a hanya, da ta 80, wadda take buƙata domin sabunta takardar shaidar da ake rufe shafukan da ita, wadda hukumar Let's Encrypt ke bayarwa kuma take ƙarewa bayan kwana 90. Littafin da ya zo da akwatin kyamarori kuwa ya ce a buɗe masa ƙofofi uku: 80 domin shafin shiga, 554 domin bidiyo ta tsarin RTSP, da wata ta uku da manhajar kamfanin take amfani da ita. Littafin bai ce uffan ba game da mutumin da wata na'ura ta riga ta mallaki 80 a gidansa. Shafi biyu ne kacal a kan wannan batu, masu hotunan wata tsohuwar rauta, kuma babu ko jimla guda da ke gargaɗin mai saye cewa abin da ake umartarsa da shi yana da haɗari.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanda na tarar da na shiga shafin rauta domin in yi saitin da hannuna. Akwai jeri biyu a teburin ƙofofi da ban rubuta su ba. Akwatin ya zo da UPnP a kunne, wato tsarin da ke ba na'ura damar roƙon rauta ta buɗe mata ƙofa ba tare da an tambayi mai gida ba, kuma tun daren da na haɗa shi ya buɗe wa kansa 554 da ƙofar manhajar kamfanin. Ta 80 ce kawai ta gagare shi, domin sabar tana kai. Kwana huɗu ke nan gidana yana da ƙofofi biyu a buɗe ga duniya ban sani ba. Laifin rabi nawa ne, domin ni na bar UPnP a kunne a rautar, amma na'urar da aka saya domin tsaro bai dace ta yanke irin wannan hukunci a madadin mai ita ba. Na kashe tsarin a ɓangarorin biyu a wannan daren, kuma shi ne abu na farko da nake ba duk wanda ya sayi irin wannan kaya shawarar ya duba.

Rikicin ƙofa ta 80 yana da sauƙin warwarewa, domin lambar waje ba dole ta zama daidai da ta ciki ba. Na ce wa rauta duk wanda ya zo ta 8080 a kai shi ƙofa ta 80 ta akwatin. Shafin shiga ya buɗe, na sa suna da kalmar sirri, sai ga murabba'ai huɗu baƙaƙe ƙirin, babu hoto ko ɗaya, domin shafin ta wata ƙofa yake bi, bidiyon kuma ta wata. Sai da na sake buɗe 554 sannan hoto ya fito. Na kuma gwada ratsa shafin akwatin ta Nginx, manhajar da ke karɓar baƙi a kan sabar, yadda za a raba baƙi da sunan da suka nema maimakon lambar ƙofa, kuma shafin ya samu rufi mai kyau ta wannan hanya, amma bidiyon RTSP bai bi ta ciki ba, ya ci gaba da neman ƙofarsa. Wanda yake tsammanin wannan dabara za ta wadatar da shi, ya sani rabin aikin kawai take yi da irin wannan akwati.

Akwai wasu ƙananan tarkuna uku da suka ci mini lokaci, waɗanda ba laifin kayan ba ne kai tsaye, sai dai littafin da ya san aikinsa da ya ambace su. Bayan wuta ta ɗauke sau ɗaya, rauta ta ba akwatin sabon adireshi na ciki, ƙofofin kuwa suna nan suna nuni da tsohon, sai komai ya tsaya cik har sai da na ɗaure masa adireshi guda a rautar. Adireshin gidan na waje ma yana sauyawa lokaci zuwa lokaci, kuma maganinsa shi ne suna mai bin adireshi, irin wanda DuckDNS ke bayarwa, wanda dama sabar tana amfani da shi. Na ukun ya fi ruɗarwa: idan ina zaune a gida na kira adireshin waje, shiru nake ji, har na ɗauka saitin ne bai yi ba. Ashe rautata ce ba ta iya mayar da saƙo cikin gida idan ya fito daga ciki. Hanyar gwaji ta gaskiya ita ce ka kashe wayifai a wayarka ka koma kan data, ka zama baƙo ga gidanka.

Haka na zauna kusan wata guda, ƙofofi biyar a buɗe, biyu na sabar uku na kyamarori, kuma komai yana aiki. Ina iya ganin ƙofar gida daga wurin aiki, ina iya komawa baya in duba wanda ya zo da rana. A nan ma akwatin ya yi abin kirki, domin yana fitar da bidiyo iri biyu, babba domin ajiya da ƙarami domin kallo daga nesa. Babban yana cin wajen gigabait 1.8 a awa ɗaya ga kyamara guda, ƙaramin kuwa, mai kilobit 512 a daƙiƙa, bai wuce megabait 230 ba. Saurin aikawa na intanet ɗin gida shi ne ma'auni a nan, ba saurin saukewa da kamfanoni suke tallatawa ba, kuma da ƙaramin bidiyo kyamarori huɗun suna tafiya lami lafiya.

Wani dare na buɗe rajistar akwatin domin in duba dalilin da ya sa wata kyamara ta yanke na ɗan lokaci, sai na ga abin da ban je nema ba. Layi bayan layi, an gwada shiga an kasa, sunan da ake gwadawa admin ne, wani lokaci root, daga adireshin da ban taɓa gani ba, wasu da ƙarfe uku na dare, wasu tsakaninsu daƙiƙa biyu. Na yi ta gangarawa da linzamin kwamfuta, shafi ya ƙare wani ya fara, kuma layin farko ya faro ne daga makon da na buɗe 8080. Babu wanda ya shiga, domin kalmar sirrina doguwa ce kuma akwatin yana kulle mai gwaji bayan ya kuskure sau biyar. Duk da haka na daɗe zaune a gaban allon, domin a gefensa ga hoton tsakar gidana kai tsaye, ga keken yarinyata jingine da bango, kuma abin da ya raba wannan hoto da waɗancan baƙi kalma ɗaya ce da kuma amanar da na ba manhajar da ban san wanda ya rubuta ta ba.

Waɗannan ba mutane ba ne da suka san ni. Shirye-shirye ne masu kewaya dukan adireshin IPv4, wato tsohon tsarin adireshin intanet, waɗanda ba su wuce biliyan 4.3 ba, suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Sauya lamba daga 80 zuwa 8080 ko wata lamba mai nisa ba ya ɓoye ka, yana dai jinkirta ranar da za a same ka. Tun 2009 akwai Shodan, injin bincike da John Matherly ya kafa, wanda aikinsa shi ne tattara na'urorin da ke amsawa a intanet tare da nau'insu. A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya jera kyamarori fiye da 73,000 da ke nuna cikin gidaje da shaguna, domin masu su ba su sauya kalmar sirrin da suka zo da ita ba. A 2016 kuma ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta mamaye kyamarori da akwatunan naɗar bidiyo da rautoci ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirri kusan sittin da kamfanoni ke sakawa tun daga masana'anta, sannan aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn, wanda manyan shafuka suka dogara da shi domin masu nemansu su same su, hari ranar 21 ga Oktoba, abin da ya hana mutane da yawa a Amurka shiga Twitter da Netflix da Reddit na tsawon sa'o'i.

Mai karatu zai iya cewa duk waɗannan sun faru ne saboda raunin kalmar sirri, kuma nasa mai ƙarfi ne. Ni ma da wannan na kwantar wa kaina hankali da farko. Sai dai a watan Satumba na 2021 an bayyana wata ɓaraka a kyamarorin kamfanin Hikvision da yawa, mai lamba CVE-2021-36260, wadda aka ba maki 9.8 cikin 10 wajen muni, domin tana ba mai kutse damar mallakar na'urar gaba ɗaya ba tare da ya san suna ko kalmar sirri ba. Abin da kawai yake buƙata shi ne ya iya kaiwa ga ƙofar shafin. Kamfanin ya fitar da gyara, kuma wannan abin yabo ne, amma gyara yana amfanar wanda ya saka shi ne kawai. A nan ne bambanci tsakanin sabar da akwatin kyamarori ya fito mini fili. Sabar tana tafiya a kan Linux, gyare-gyaren tsaro suna sauko mata da kansu, kuma ina iya karanta abin da aka gyara. Akwatina kuwa, cikin wata takwas sabuntawa ɗaya tak na samu, sai da na nemo ta da kaina na ɗora a filasha, kuma bayanin da ya zo da ita jimla ɗaya ce da ba ta faɗi abin da aka taɓa ba. Ban ga dalilin da zai sa in ba na'urorin biyu amana iri ɗaya ba. Ƙari a kan haka, shafin akwatin ta 8080 ba rufaffe ba ne, bidiyon RTSP ma haka yake tafiya a buɗe, wanda ke nufin mai kula da duk wata hanyar sadarwa da na hau a waje zai iya leƙa abin da nake kallo.

Kamfanin yana da tasa mafitar, kuma adalci ne in faɗi alherinta. Akwai lambar QR a jikin akwatin, kana ɗaukarta da manhajar waya, cikin minti biyu hoto ya fito ba tare da ka taɓa rauta ba. Akwatin ne yake fita da kansa ya yi rajista a sabar kamfanin, wayarka ma ta je can, a haɗa su. Ga wanda bai da sha'awar shiga saitin rauta, wannan ya fi buɗe ƙofofi uku aminci nesa ba kusa ba, matuƙar ya sa kalmar sirri mai ƙarfi. Abin da ya hana ni zama a kanta shi ne ban san inda hanyar take ratsawa ba, ban san tsawon shekarun da kamfanin zai ci gaba da riƙe sabar ba, kuma irin wannan tsari shi ma ya taɓa samun tasa ɓarakar. A watan Agusta na 2021 kamfanin bincike na Mandiant ya bayyana wani rauni a tsarin Kalay na ThroughTek, wanda na'urori kusan miliyan 83 suke amfani da shi. Manhajar wayar kuma ta nemi izinin sanin inda nake da na shiga jerin lambobin mutanena, abubuwan da ban ga alaƙarsu da kallon ƙofar gida ba, kuma na hana ta duka biyun ba tare da ta daina aiki ba.

Inda na tsaya a ƙarshe shi ne WireGuard, manhajar da ke buɗe rufaffiyar hanya tsakanin na'urori biyu ta cikin intanet, wanda Jason Donenfeld ya rubuta, aka kuma shigar da shi cikin Linux 5.6 a watan Maris na 2020. Na rufe ƙofofin kyamarori uku gaba ɗaya, na buɗe guda ɗaya, 51820 ta UDP, ɗaya daga cikin tsare-tsaren aika saƙo a intanet, zuwa sabar. Wayata tana da mabuɗinta, sabar tana da nata, kuma idan na kunna shi wayar takan zama tamkar tana cikin gida, sai in kira akwatin da adireshinsa na 192.168 kamar ina zaune a ɗaki. Abin da ya fi burge ni a tsarinsa shi ne ba ya amsa wa wanda bai zo da mabuɗi ba, ko da da kalmar ƙi ce, saboda haka mai ƙwanƙwasawa ba zai ma san akwai ƙofa a wurin ba. Tun daga ranar rajistar akwatin ta yi tsit, sunana da na maiɗakina kawai nake gani. Hoton bai ragu da komai ba a idona, kuma duk abin da ke tafiya tsakanin wayar da gida a rufe yake, har da bidiyon da da yake tafiya a fili.

Wannan hanya tana da nata nauyin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kowane mai kallo sai an yi masa mabuɗinsa, kuma sai ya tuna ya kunna kafin ya buɗe manhajar kyamara. Maiɗakina ta kira ni sau biyu a makon farko tana cewa hoto ya ƙi zuwa, kuma duka biyun mabuɗin ne ba a kunna ba, har sai da na saita wayarta yadda zai tashi da kansa da zarar ta bar wayifai na gida. Idan sabar ta mutu, hanyar kallon kyamarori ta mutu tare da ita, ko da yake akwatin yana ci gaba da naɗa, kuma wanda rautarsa take da WireGuard a cikinta gara ya ɗora shi a can. Wasu hanyoyin sadarwa na otal da ofis suna toshe UDP, kuma a irin waɗannan wurare sai na koma kan data. Sannan da na hana akwatin fita intanet kwata-kwata, saƙon faɗakarwa da yake turo wa waya idan ya ga motsi ya daina zuwa, domin ta sabar kamfanin yake bi. Wannan hasara ce ta gaske ga wanda ya sayi kyamara domin a tashe shi da dare.

Hana shi fita ya haifar da wani abu da ban hango ba. Bayan makonni na lura agogon da ke kan bidiyo ya bambanta da na wayata da fiye da minti guda, domin akwatin daga intanet yake daidaita lokacinsa ta tsarin NTP, ni kuma na toshe masa hanya. Bidiyon tsaro mai agogon da ba daidai ba yana iya rasa darajarsa a ranar da aka fi buƙatarsa, wato ranar da za a gwama shi da wata shaida. Na sa sabar ta riƙa ba da lokaci a cikin gida, na nuna wa akwatin adireshinta, kuma ya karɓa ba gardama. Haka nan yana bin ƙa'idar ONVIF, wadda ke ba na'urorin tsaro na kamfanoni daban-daban damar aiki tare, wadda kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008, kuma yana barin wata na'ura ta ɗebi bidiyonsa, abin da ya ba ni damar sa sabar ta ajiye kwafin kyamarar ƙofa a wani ɗaki daban. Ɓarawon da ya ɗauke akwatin ba zai tafi da shaidar duka ba. Wannan sassauci na daga cikin dalilan da suka sa ban yi nadamar sayen kayan ba.

Akwai mutanen da duk wannan bayani ba zai yi musu aiki ba, kuma ƙanena yana cikinsu. Ya sayi irin wannan kaya bayan ya ga nawa, ya bi duk matakan da na rubuta masa, sannan ya kira ni ya ce, "Yaya, na buɗe ƙofar kamar yadda ka ce, na kashe wayifai na gwada, amma ko motsi babu." Na ce ya karanto mini adireshin waje da rautarsa take nunawa, sai ya fara da 100.72. A nan na gane. Adireshi daga 100.64 zuwa 100.127 an keɓe su ne tun 2012 domin tsarin CGNAT, inda kamfanin intanet yake haɗa gidaje da yawa a bayan adireshi ɗaya saboda ƙarancin IPv4, wanda babban rumbunsa ya ƙare tun watan Fabrairu na 2011. A irin wannan hali rautarka ba ita ce ƙofar waje ba, akwai wata a gabanta da ba ka da iko da ita, kuma ko ƙofa nawa ka buɗe a taka babu saƙon da zai iso. Wannan ya zama ruwan dare a intanet ɗin da ke zuwa ta layin waya. Kafin mutum ya ɓata dare guda a saiti, ya gwama adireshin da rautarsa ke nunawa da wanda shafukan duba adireshi suke nuna masa. Idan sun saɓa, ko dai CGNAT ne, ko kuma akwai rauta biyu a jere a gidan. Ƙanena ya koma Tailscale, wanda aka gina a kan WireGuard amma ba ya buƙatar a buɗe ƙofa, domin na'urorin ne suke fita su nemi juna. Ya ɗora shi a wata ƙaramar kwamfuta ya ba ta izinin kai shi ga sauran na'urorin gida, kuma a yammacin ranar ya ga ƙofarsa a waya.

Ga wanda yake da sabar a gida yana tunanin sayen irin wannan kaya, ina ganin ya saya, domin idon kyamarorin da ajiyar akwatin sun cika alƙawarinsu, kuma bin ƙa'idojin ONVIF da RTSP ya sa suna zama lafiya da sauran na'urori. Shafukan littafin da ke magana a kan buɗe ƙofofi ne nake ba shi shawarar ya tsallake, ya kashe UPnP tun kafin ya soka wayar akwatin a rauta, ya sauya kalmar sirri a zaman farko. Teburin ƙofofin rautata yanzu jeri uku ne: 80 da 443 na Nextcloud, da 51820. Ina kan nazarin mayar da Nextcloud ɗin ma bayan WireGuard, abin da ke riƙe ni kawai shi ne 'yan'uwa biyu da nake aika wa hotuna ta mahaɗi kai tsaye, waɗanda sai na fara yi musu mabuɗansu.